Zari-Ruga: Ƙishirwar da Ta Girmi Jihar Zamfara

Na san abin da za ku ce tun kafin ku gama karanta kanun. Mutumin Gusau zai taɓe baki ya ce, "Malam, mi ar ruwanmu da wanga wasa?" Na Tsafe zai ce ƙwallon ma ba ta gama zama ƙwallo ba, wani ya zauna a kanta ta yi tsawo. Na Bunguɗu ba zai tanka ba, zai dai buɗe gaba ya nemi labarin Barcelona. To ku dakata, jama'a. Wanda ke biyan kuɗin gidan kallo daren Talata, ya matsu a kan benci, janareta na ruri a bayan kunnensa, don ya ga yadda Real Madrid za ta ƙare da Manchester City, ba shi da bakin cewa wasan Turawa bai shafe shi ba. Kakan wa a cikinku ne ɗan Madrid?

Zancen da na zo da shi na kakar 2024 zuwa 2025 ne, ta babbar gasar zari-ruga ta Ingila, wadda ita ma a lokacin Firimiya suke ce mata. Ƙungiyar garin Bath ce ta cinye. Rabon Bath da kofin nan tun 1996, kuma wannan shekara ba baƙuwarku ba ce: ranar 1 ga Oktoban 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke Zamfara daga Sakkwato. Sa'ad da Bath ta ɗaga kofin a bazarar shekarar, Gusau ba ta zama babban birnin jiha ba, duk wata takarda mai nauyi sai an hau mota an bi ta Bunguɗu da Talatar Mafara an kai ta Sakkwato. Yaron da aka raɗa wa suna a Tudun Wada a wannan bazarar ya yi firamare, ya yi sakandare, ya yi aure, wataƙila ma ya fara leƙen ta biyu, mutanen Bath na nan suna jira. Shekara 29. 'Yan Arsenal, na ga kun sunkuyar da kai. Ku ɗaga, ai naku jiran daga 2004 ya fara, ƙanne ne ku a makarantar haƙuri.

Ga yadda ake wasan, don kada wani ya ce an yi masa rufa-rufa. Mutum 15 kowane ɓangare, minti 80. Ƙwallo a hannu ake ɗaukarta a ruga, amma an hana ka miƙa wa ɗan'uwanka ita ta gaba, sai gefe ko baya. In kana son ta yi gaba, ko dai ka kai ta da ƙirjinka ko ka buga ta da ƙafa. Wanda ya ƙetare layin abokan karawa ya dangwala ta a ƙasa ya ci maki 5, sai a ba ɓangarensa bugu zuwa dogayen sanduna biyu, in ta haye sandar tsakiya ƙarin maki 2. Bugun tara maki 3 ne. Mai riƙe da ƙwallo kaɗai aka yarda a kayar, kuma daga kafaɗa zuwa ƙasa. Ka taɓa wuya ko kai, kati na jiranka.

"Ashe dai faɗa ne," in ji Alhaji daga Sabon Gari. Alhaji, ranka ya daɗe, wa na gani ran nan a gidan dambe ya miƙe tsaye, hula a hannu, yana ihu don an yi kisa a turmin farko? Mu da Ɗan Anace ya mayar mana da Shago gwarzon da har gobe ake zancensa, mu ne za mu ga ƙato ya rungumi ƙato mu rufe ido? Kuma in gaskiya za a bi, duk wanda ya taɓa yin langa a dandali da farin wata ya riga ya san rabin wasan nan. Akwai ruwa, wanda shi ake so ya kai ya sha. Akwai 'yan'uwansa da ke ture mutane suna buɗe masa hanya, akwai na ɗaya ɓangaren da ba su da buri sai su ga ya faɗi. Sakar wa ɗan langa ƙafarsa ɗaya, ka danƙa masa ƙwallo, ka ce in an tare shi ya miƙa wa na bayansa shi ma ya zama ruwa, ka gama koya masa zari-ruga. Saura dokokin turereniya, waɗanda Turawan su kansu har yau gardama suke yi a kansu.

Turereniyar nan ita ce abin da kuke gani a hoto kuna dariya: mutum 8 sun sarƙe kafaɗu sun duƙa, sun haɗa kai da wasu 8, ana jefa ƙwallo a tsakiya. Nauyin kowane ɓangare yakan kai wajen kilo 900. A nan ne wasan ya fi ƙwallon ƙafa adalci. Ƙwallon ƙafa ta 'yan siririn jiki ce. Mai tumbi sai dai a ce ya tsaya a raga ko ya riƙe wa mutane takalma. A zari-ruga kuwa, gajere kakkaura mai wuya a cure shi ne lamba 1 da lamba 3, kuma ƙungiyoyi rububinsa suke yi. Zangwameme mai tsawon mita 2, wanda a unguwa ake tsokana da cewa ya sauko a gaisa, shi ake cicciɓawa sama ya cafe ƙwallo in an jefo daga gefe. Ɗan ƙarami mai surutun tsiya shi ne lamba 9, aikinsa ya tsaya bayan ƙattai yana ba su umarni, kuma su bi. Kowane gida a Tsafe akwai irin wannan yaron, kada ku ce babu.

Abin da na san zai fi ba ku wuya shi ne ladabi. Kyaftin kaɗai ke magana da alƙalin wasa, shi ma da girmamawa. Ƙato mai kilo 120, jini na zuba a goshinsa, alƙalin da bai kai kafaɗarsa ba zai kira shi ya yi masa faɗa, ya ce to, ya juya. Wanda ya tanka, a matsar da bugun tara mita 10 zuwa gidansu. Katin gargaɗi kuma ba ado ba ne, minti 10 za ka yi a waje kana kallon 'yan'uwanka 14 suna shan wuya saboda kai. Alƙalin na ɗauke da makirufo, duk mai kallo a talabijin na jin dalilin hukuncinsa. Ku faɗa mini tsakani da Allah, a wasan unguwa da unguwa na gasar hutun makaranta, alƙali nawa ne ke zuwa fili ba tare da ya fara duba ta inda zai gudu ba?

Amma mai cewa wasan akwai haɗari bai yi ƙarya ba, kuma ba zan zolaye shi a nan ba. Steve Thompson yana cikin waɗanda suka ci wa Ingila kofin duniya a 2003. A 2020 ya fito ya ce likitoci sun tabbatar masa da ciwon mantuwa tun yana ɗan shekara 42, kuma ba ya tuna wasannin da ya buga a gasar. Shi da ɗaruruwan tsofaffin 'yan wasa sun kai hukumomin wasan kotu a kan bugun kai. Wannan ne ya sa yanzu alƙalai ba sa wasa da duk abin da ya taɓa kai, kuma wannan tsananin ne ya faɗa a kan Bath a ranar da ta fi buƙatar sassauci.

Bari in koma baya kaɗan. Bath tsohuwar ƙungiya ce, tun 1865, filinta na bakin kogin Avon a tsakiyar gari, bai fi cin mutum 14,500 ba. Tsakanin 1989 da 1996 sau 6 ta ci gasar. Sai wasan ya zama sana'a a 1995, aka fara biyan albashi a fili, masu kuɗi suka shigo, sarauta ta koma Leicester da Wasps, daga baya Saracens. Bath ta ci babban kofin Turai a 1998, daga nan manyan kofuna sai labari. Ta kai wasan ƙarshe a 2004, Wasps ta doke ta. Ta koma a 2015, Saracens ta doke ta. A kakar 2021 zuwa 2022 kuwa abin ya wuce rashin sa'a ya zama tonon asiri: Saracens ta zo har gida ta zuba mata 71 da 17, maƙwabciyarta Gloucester ta yi mata 64 da nema, ta ƙare ta 13 a cikin ƙungiyoyi 13. Abin da ya cece ta daga faɗawa ƙaramar gasa shi ne an dakatar da saukar da ƙungiyoyi a lokacin.

A wannan hali aka ɗauko koci ɗan Afirka ta Kudu, Johann van Graan. Mai ƙungiyar, Bruce Craig, ya yi abin da masu ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa ba su iya ba, ya bar mutum ya yi aikinsa. Shekarar farko ta 8. Ta biyu aka sayo Finn Russell ɗan Sukotlan daga Racing 92 ta Faransa, lamba 10, wanda shi ne ƙwaƙwalwar ƙungiya. Russell kafin ya zama ɗan wasa sassaƙar dutse ya koya a wurin magina, don haka mutanen Kwatarkwashi ku matso, naku ne. A shekarar suka kai wasan ƙarshe da Northampton. Ba a yi nisa da minti 20 ba lamba 1 na Bath, Beno Obano, ya tari wani, kafaɗarsa ta sami kai, alƙali ya ɗaga jan kati. Kusan awa guda Bath ta yi da mutum 14, har ta shiga gaba, sai daf da tashi aka karɓe, 25 da 21. Ku tuna da sunan nan, Obano. A Landan aka haife shi, amma iyayensa 'yan Najeriya ne.

Kakar da ta biyo baya ita ce tamu. Ƙungiya 10, wasa 18 kowace, gida da waje. Nasara maki 4, kunnen doki 2. Wanda ya dangwala sau 4 a wasa ɗaya yana da ƙarin maki 1 ko an ci shi, wanda aka ci da ratar da ba ta wuce 7 ba shi ma a ba shi 1 na share hawaye. Na ji wani a Bunguɗu ya ce, "A ci mutum kuma a ba shi lada?" E, ƙanena, shi ya sa ba ka ganin ƙungiya ta saki jiki a minti 70 don an yi mata nisa. Bath ta ƙare a sama da ratar maki 11 tsakaninta da Leicester. A hanya ta tsinci ƙaramin kofin gida a hannun Exeter a watan Maris, 48 da 14, ta kuma lallasa Lyon ta Faransa 37 da 12 a Cardiff a watan Mayu, ta ɗauki kofi na biyu a daraja a Turai. Northampton mai riƙe da kofi ta sulale zuwa ta 8. Saracens ba ta shiga huɗun farko ba.

Sai dai zama na ɗaya a tebur ba ya ba ka kofi, kuma na yarda wannan doka da ban haushi. Huɗun farko sai sun sake karawa, sili ɗaya ƙwale. Wahalar wata 9 tana iya tafiya a yammaci guda. Bath ta fitar da Bristol 34 da 20, Leicester ta fitar da Sale 21 da 16, aka haɗu a Twickenham ranar 14 ga Yunin 2025, fili mai cin mutum 82,000, ya cika maƙil. Leicester ta fi kowa cin gasar, sau 11, kuma ba ta zo rakiya ba. Ita ta fara dangwalawa. Bath ta farfaɗo, aka tafi hutu tana da 13, Leicester 7.

Abin da ya raba gardama ya zo ne bayan an dawo. Lamba 10 na Leicester shi ne Handré Pollard, wanda ya ci kofin duniya sau 2 da Afirka ta Kudu, wanda a wasan ƙarshe na 2023 duk maki 12 da ƙasarsa ta doke New Zealand da su daga ƙafarsa suka fito. Irin wannan mutum ba a koya masa miƙa ƙwallo. Ya miƙa, ashe Russell ya karanta zuciyarsa, ya shiga tsakani ya cafe, ya zura da gudu fiye da rabin fili. Layi na gabansa, kowa ya ɗauka shi zai dangwala a buga hotonsa a jaridu. Sai ya waiga ya jefa wa yaron da ke biye da shi, Max Ojomoh, shi ya dangwala. Ɗan wasan gaban da kuke so a ƙwallon ƙafa, wanda ku ka san shi na san shi, da ya mutu da ita a ƙafa da ya yi wannan kyauta.

Leicester ta taso. Tsohonsu Dan Cole, wanda ranar ce wasansa na ƙarshe kafin ritaya, ya banke Russell bayan ya buga ƙwallo, aka ba shi minti 10 a waje, Russell ya buga tara ta shiga. Duk da haka wani matashi, Emeka Ilione, ya kutsa ya dangwala wa Leicester, rata ta dawo 2. A haka aka tashi, 23 da 21. Leicester ta dangwala sau 3, Bath sau 2, ƙafar Russell ce ta cike giɓin. Obano na cikin waɗanda suka ɗaga kofin.

Yanzu mai tambayar mi ar ruwanmu, dawo kusa. Max Ojomoh ɗan Steve Ojomoh ne, haifaffen birnin Benin ta Jihar Edo, wanda ya buga wa Ingila sau 12, kuma yana cikin 'yan Bath da suka ci kofin 1996. Uba ya rufe ƙofa, ɗa ya buɗe. A wannan tsohuwar ƙungiya akwai Victor Ubogu, haifaffen Legas, da Adedayo Adebayo, haifaffen Ibadan. (Bagobirin da ke karantawa, na san bakinka na ƙaiƙayi a kan Bayarabe. Haɗiye, yau ba ranarka ba ce.) Emeka Ilione kuwa sunansa ya isa shaida. Obano ɗan'uwan Maro Itoje ne na Saracens, wanda a farkon 2025 aka naɗa kyaftin ɗin Ingila, a tsakiyar shekarar kuma ya jagoranci haɗakar Birtaniya da Ayalan zuwa Ostareliya suka ci wasa 2 cikin 3. A Exeter akwai Immanuel Feyi-Waboso, yana gudu a gefen fili yana karatun likita. Sau nawa kuka ga ɗan asalin Najeriya ya ɗaura ƙyallen kyaftin ɗin Ingila a ƙwallon ƙafar maza ya riƙe?

"To ai duk 'yan Kudu ne." Madalla, Hajiya, kin kawo mu inda nake so. Ba don ƙashinsu ya fi namu ƙwari ba ne. Ubogu da Ojomoh makarantar kwana ɗaya suka yi a yankin Devon, can aka miƙa musu ƙwallon. Wasa ne da ke bin makaranta da ciyawa da malamin da ya san dokarsa. A nan gida Kano na da ƙungiyar Barewa, Legas na da Cowrie, ƙasa na da Black Stallions, duk da dai ba sana'ar da mutum zai riƙe gida da ita ba ce tukuna. Kanawa sun fara, ku kuna nan kuna gardamar Messi da Ronaldo. Yaran da ke loda buhunan masara da waken suya a kasuwar Tsafe tun safe har la'asar, wa ya taɓa auna ƙarfin da ke kafaɗunsu?

Kada kuma ku ɗauka Turawan sun gama gyara gidansu. Gasar nan ƙungiya 13 ce a farkon kakar 2022. Worcester ta karye a watan Satumba. Wasps, mai kofin Ingila 6 da na Turai 2, ta bi ta a Oktoba, aka sallami mutum 167 rana ɗaya. London Irish ta cika ta uku a Yunin 2023. Bashi ne da harajin da ba a biya ba, bayan korona ta rufe filaye. Akwai dokar da ta ƙayyade abin da ƙungiya za ta kashe a albashi, fam miliyan 6.4 a kakar da muke magana, wanda a canjin 2025 ya haura naira biliyan 10, amma bai kai abin da wasu taurarin ƙwallon ƙafa ke ɗauka su kaɗai a shekara ba. Saracens ta taɓa zagaye dokar ta bayan gida. A 2019 aka ci ta tarar fam miliyan 5.36, aka zabge mata maki 35, daga baya aka tura ta ƙaramar gasa, alhali ita ke riƙe da kofin Ingila da na Turai. 'Yan Manchester City, ban kira sunan kowa ba. Newcastle da ta ƙare a ƙasan tebur a 2025 sai da kamfanin Red Bull ya saye ta sannan ta yi ajiyar zuciya. Mu da muka ga Zamfara United ta buga babbar gasar ƙasa a filin tunawa da Sardauna, muka kuma san yadda ƙungiyar da ke jiran aljihun gwamnati take rayuwa, ba ma buƙatar tafinta a wannan babi.

Akwai dattijon da zai ce, ɗana, mutanen da noma ya gagara saboda 'yan bindiga, waɗanda ke bin hanyar Funtuwa da addu'a a baki, su za ka kawo wa zancen ƙwallo? Baba, maganarka dutse, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Sai dai gidajen kallo ba su rufe ba, kuma yaran da ba su da abin yi da yamma ba su ragu ba. Wasan da ke cinye ƙarfin saurayi ya kuma tilasta masa cewa to in an yi masa hukunci bai yi kama da abin da zai cuce mu ba.

Ciyawa ce dai ba mu da ita, kuma ba zan ba kowa shawarar ya kayar da ɗan'uwansa a kan tsandaurin filin firamare a watan Maris ba. Amma gulbin da ya ratsa Gusau ya wuce ta Bunguɗu yana barin yashi mai laushi da rani. Na ma riga na raba lambobi. Gusau ta kawo ƙattan gaba, tunda can ake cin tuwon gwamnati. Tsafe ta kawo 'yan lodi da wannan yaron mai surutu. Bunguɗu, da ba ta ce uffan ba tun da muka fara, ta kawo lamba 10, don mai shiru shi ke karanta zuciyar mutane. Alƙali kuwa sai dai a ɗauko shi daga Ƙaurar Namoda, a kuma biya shi kuɗin motarsa na komawa tun kafin a busa.